Mai Ƙarfe ko Mai Ruwa

Idan ka shiga tashar Daura ka tambayi Audi Direba, ko mai sayar da rake zai nuna maka bencin da yake zama. Mijin yayata Barakatu ne. Ni kuwa sunana Munzali, tela ne a bakin kasuwa, kuma tun ranar da aka ɗaura masa aure da yayata nake tsokanarsa, don ba wanda ya isa ya hana ƙanin mata wasa da mijin yayarsa. Shi yana ce mini Ɗan Allura, ni ina ce masa Maigadi. Ba ya son sunan, amma shi ya jawo wa kansa.

Asalinsa mutumin Mashi ne. Mahaifinsa kiwo yake yi, kuma ya so ɗan ya gaje shi, amma Audi tun yana ƙarami in ya ji ƙarar mota a hanya sai ya manta da shanu. Da aka gaji da dukansa a kan gonakin mutane da shanu suka cinye, sai aka haɗa shi da wani tsohon direba, Alhaji Kabo, mai jigila tsakanin Daura da Kano. A hannunsa ya koyi tuƙi, a hannunsa kuma ya ɗauko wata doka da ya riƙe kamar farilla. Kabo ya ce masa in mutane suka yi shatar motarka, suka sauka suka bar kayansu, to kai da motar abu ɗaya ne har su dawo. Ba ka zuwa kallo, ba ka zuwa gaisuwa, ko salla ce ka yi ta inda idonka yake kan mota. Audi ya ji maganar nan ta zauna masa a ƙashi, har bayan da ya mallaki motar hayis ta kansa.

Shekarun da aka ƙaddamar da Shari'a a jiharmu su suka fito da shi. A lokacin magidanta suka fara kula da wace mota iyalinsu za su shiga, wa zai zauna kusa da wa, kuma wane ne a kan sitiyari. Ga shi kuma an shiga yayin kai iyali wuraren shaƙatawa bayan Salla, ko in makarantu sun yi hutu. Mutum yana son matansa da 'ya'yansa su je su sha iska, amma shi kasuwa ba za ta bar shi ba. To wa za a ba amana? Sai aka ce Audi. Ba ya kunna kiɗa, ba ya kallon madubi don ya ga fuskar matar wani, yana tsayawa salla a Kazaure ko an so ko ba a so ba, kuma in an isa wurin ba ya bin mata ciki. Kafin ka ce me, daga Mashi har Mai'adua in ana maganar tafiyar hutu, sunansa ake fara kira.

Wurare biyu ne ya fi kai mutane. Suna da sunayensu na Turanci a rubuce a bakin ƙofa, amma ba wanda ya damu da su a garinmu, don Audi ya raɗa musu nasa. Na farko yana gefen birnin Kano, shi ne Mai Ƙarfe. Injuna ne ko'ina: lilo iri-iri, motocin karo, ɗan jirgin ƙasa mai zagaye, da wani ƙaton lilo mai siffar ƙafar keke wanda ake hango shi tun daga titi, yana ɗaga mutane sama a cikin kwanduna yana sauko da su. Na biyun sai an wuce Kano an yi kudu, a bakin wani babban tafki, shi ne Mai Ruwa. Can bishiyoyi ne da ciyawa da kwale-kwale, da ɗakunan kwana masu kyau ga wanda zai yi kwana biyu. Mai Ƙarfe ma yana da ɗakuna, amma Audi ya ce duk wanda ya kwana a can da ƙarar janareta yake mafarki.

Abin da ya sa ya zama masani shi ne yadda yake ba da shawara. Na sha ganinsa da idona. Wata rana ina zaune wurinsa a tasha, wani dillalin shanu daga Mai'adua, Alhaji Mainasara, ya zo da babbar rigarsa yana cewa a kai iyalinsa wurin da ya fi kowanne.

Audi ya ce, "Alhaji, don wa za a yi tafiyar?"

Mainasara ya ce, "Don iyali mana."

"A'a, Alhaji. A cikin iyalin akwai wanda ya dame ka da maganar har ka taso. Wane ne?"

Mutumin ya yi dariya ya ce uwargidansa ce, ta yi jinyar mahaifiyarta wata da watanni har Allah ya karɓi abinsa, tun daga nan ba ta da walwala. Audi ya ce to Mai Ruwa za a je, kuma a kwana. Ya ce da a ce yara ne suka ci jarrabawa, da Mai Ƙarfe zai ce, amma macen da ta gaji ba ta bukatar abin da zai juya mata kai. Haka yake yi da kowa, kuma ban taɓa jin wanda ya dawo ya yi ƙorafi ba.

Duk wannan sani kuwa daga bakin ƙofa ya samo shi. Wallahi Audi bai taɓa sa ƙafarsa cikin ko ɗaya daga wuraren nan ba. Shekara da shekaru yana zuwa, yana da bishiyarsa a kowanne, masu gadi sun san shi, masu shayi sun san yadda yake son nasa, amma iyakarsa inda ake ajiye motoci. Yana shimfiɗa tabarma a gindin taya, ya goge gilashi, ya yi salla, ya ɗan runtsa da makulli a aljihu. In an kwana, a cikin motar yake kwana. Shi ya sa nake ce masa Maigadi.

Na sha ce masa, "Kai da ba ka taɓa gani ba, da wane baki kake gaya wa mutane wannan ya fi wancan?"

Sai ya ce, "Ɗan Allura, kai in ka ɗinka riga, shiga cikinta kake yi ka ji ko ta yi? Fuskar mai ita kake kallo. Ni ma fitowarsu nake kallo."

Kuma da gaskiyarsa, fitowa ya karanta. Ya ce 'yan Mai Ƙarfe da gudu suke fitowa, murya ta dushe, kowa yana son ya riga kowa ba da labari, kafin a fita Kano an yi faɗa a kan wanda ya fi tsoro, kafin Dambatta duk sun yi barci, wani ma ya yi masa amai a kujera. 'Yan Mai Ruwa kuwa a hankali suke fitowa, suna waiwaye, sai ya yi ta kira kafin mota ta cika. A hanya mata suna hira ƙasa-ƙasa, wata ta yi waƙe, wata ta yi hawaye ba tare da an yi mata komai ba. Ya ce Mai Ƙarfe ana ba da labarinsa mako guda a manta, Mai Ruwa ba a cika ba da labarinsa ba, amma shi ake roƙon a koma. Ya san wanne ne masallacinsa ya fi kusa, wanne ne ruwan alwalarsa ba ya yankewa, wanne ne yara suke fitowa da ƙaiƙayi a ƙafa. Abin da ke ciki dai, sai abin da aka gaya masa.

Ita kuwa yayata Barakatu, duk shekarun nan tana gida. Ita take tashi da asuba ta dafa masa abin tafiya, ita take wanke rigunan kujeru in yara sun ɓata su. Ba ta taɓa cewa a kai ta ba, shi ma bai taɓa tunanin ya ce ta zo ba. Ba mugunta ba ce. Ranakun da ake zuwa wuraren nan su ne ranakun aikinsa, mota cike take da iyalin wasu, in an gama kuma ya gaji ita ma ta gaji. 'Yarsu Fadila ta je sau biyu da makarantarsu kafin a yi mata aure a Mai'adua. Uwarta kuwa labari kawai take sha, kuma takan saurara kamar yau ta fara ji.

Abin ya fara ne da tuntuɓe. Yau ta yi karo da buta, gobe ta buge da ƙyauren ɗaki, jibi baƙuwa ta shigo ta tsaya a gefenta ba ta gan ta ba sai da ta yi magana. Muka yi ta yi mata dariya muna cewa tsufa ne, Allah ya yafe mana. Da abin ya yi yawa aka kai ta asibitin ido a Kano. Likita ya ce hawan jinin ido ne, kuma an makara. Ya ce abin da ya tafi ba zai dawo ba, abin da ya rage za a yi ta ɗiga magani a ja shi iya inda Allah ya nufa, amma kada mu sa rai da nisa. Na tambaye ta yadda take gani, ta ce kamar mai leƙe ta cikin bututun ruwa, abin da ke gabanta daidai tana ganinsa, gefe da gefe kuwa babu, kuma bututun kullum ƙara matsewa yake yi.

Fadila ce ta ba ni labarin yadda uwarta ta yi maganar, don tana gidan a ranar. Audi ya dawo daga tasha yana cin abinci, sai Barakatu ta ce daga inda take zaune, "Malam, ka kai matan garin nan kaf. Ka kai ni ni ma in gani, tun ana gani."

Fadila ta ce loma ta tsaya masa a hannu. Can ya ce, "Wanne kike so?"

Ta ce, "Yau kuma ni za a tambaya? Kai ne masani."

To a nan masani ya rasa ta cewa. Likita ya riga ya hana ta yawan wahalar hanya da rana, ita ma ta ce sau ɗaya ya ishe ta, ba ta son a yi ta yawo da ita kamar kayan talla. Tafiya ɗaya ce, ido kuma ba ya jira. Mutumin da yake yanke wa alhazai hukunci kafin su gama zama, sai ga shi mako ya wuce, wani ya bi, bai ce komai ba. Yana zuwa shagona ya zauna a kan buhun ƙyalle ya yi tagumi.

Ya ce, "Munzali," kuma in ya kira ni da sunana na san ba wasa, "duk wanda na kai, hutu ya je nema ko wasa. Yayarka gani take so. Ni kuwa ban san abin da ake gani ba."

Raina ya ɓaci, na ajiye almakashi na ce, "To ka shiga mana! Wa ya ɗaure ka? Jibi ba kana da shata zuwa Mai Ƙarfe ba? Ka kulle motar ka shiga ka duba, ka dawo ka je ɗayan ma ka duba. Haba, Audi! Mota za ta tashi sama ne?"

Ya ce to. Da ya dawo na tare shi, ya kauda kai. Wai matan sun bar jakunkuna da kulolin abinci da takalman yara. Na ce ai da makulli. Ya ce ya kulle, ya taka har bakin ƙofa, sai ya ji kamar an kira shi daga baya, ya koma. Na ce masa abin da ba zan maimaita a nan ba, don yayata za ta iya jin labari.

Daga ƙarshe ya koma ga abin da ya sani. Ya ce duk dattijuwar da ya taɓa kai wa Mai Ruwa ta fito fuskarta a sake, babu wadda ta taɓa fitowa daga Mai Ƙarfe ba tana riƙe da kai ba. Barakatu ba yarinya ba ce, ga rashin lafiya, saboda haka Mai Ruwa. Ni ma na ga hankali a maganar, Fadila ma ta yarda. Ba wanda ya tuna ya tambayi likita, kuma ba wanda ya tsaya ya yi tunanin me ido irin nata zai iya kamawa.

Muka tashi bayan sallar asuba, mu huɗu a mota mai ɗaukar jama'a: shi, ni a gefensa, Barakatu da Fadila a baya. Na ɗinka mata sabon hijabi ruwan toka don ranar. Tana ta hira a hanya, tana tambayar ina muke, ana ce mata Kazaure, ana ce mata Dambatta. Muka ratsa Kano muka yi kudu, hantsi ya ɗaga sosai muka isa.

Audi ya ajiye mota a gindin bishiyarsa. Ya fito ya buɗe mana ƙofa, ya taimaka aka sauke kular abinci. Sai kawai na ga mutumin nan ya jawo tabarmarsa daga ƙarƙashin kujera ya shimfiɗa a gindin taya, ya ɗauko tsumman goge gilashi, ya ce, "To ku shiga, ina nan. Kada ku wuce azahar, rana za ta dame ta."

Na tsaya ina kallonsa, na ce, "Kana ina?"

Ya ce, "Wurin mota."

"Wa ya yi shatar motar yau? Kayan wa kake gadi? Tsohuwar tabarmarka?"

Wallahi ba da gangan ya yi ba, na gani a fuskarsa. Jikinsa ne ya yi abin da ya saba kafin hankalinsa ya iso. Ya buɗe baki zai yi magana, sai Barakatu ta kama hannun rigata ta ce, "Ƙyale shi, Munzali. Mu je." Na bi ta don ba na son in ɓata mata rana, amma zuciyata tafasa take yi.

Gaskiya wurin yana da kyau, ban taɓa ganin irinsa ba. Ruwa shimfiɗe har inda ido ya tsaya, ciyawa kore shar, iska tana kaɗawa. Amma ba a jima ba na lura da yayata. Rana ta faɗa kan ruwan tana walƙiya, ita kuwa da ta juya wajen sai ta runtse ido ta sa hannu ta kare. Fadila ta ce, "Inna, ga tsuntsaye can sun tashi!" Kafin ta juya bututun nata ta nemo inda aka nuna, sun wuce. Aka ce ga kwale-kwale can nesa, ta yi ta lalube da ido, ta ce, "Masha Allah." Aka ce ga tsibiri, ta ce, "Masha Allah." Komai na wurin faɗi ne da nisa, ita kuwa faɗi da nisa su ne abin da ta rasa. Muka sa ta a kwale-kwale, ta sa hannu a ruwa. Na tambaye ta a hankali me take gani, ta ce fari ne kawai, kamar an shanya zanin gado.

Muka zauna a inuwa muka taɓa abinci, ba wanda ya ci na kirki. Ana kiran azahar muka yi salla muka fito.

Yana tsaye a jikin mota yana jiranmu, yana yi mana kallon da yake yi wa kowa in an fito. Na ga lokacin da ya gane. Mutumin da ya karanta fuskokin matan gari guda ba zai kasa karanta ta matarsa ba. Ya matso ya ce, "Baraka, kin gani?"

Ta yi murmushi ta ce, "Akwai iska mai daɗi, Malam. Allah ya saka da alheri."

Ya naɗe tabarma, ya rufe mana ƙofa, ya tayar da mota. Na shirya maganganu masu zafi tun a ciki, amma da na ga yadda ya riƙe sitiyari sai na haɗiye su. Tausayinsa ya kama ni, kuma ban so hakan ba, don na fi son in yi fushi.

Muka shigo Kano wajen la'asar. Inda ya kamata ya miƙe hanyar gida, sai na ga ya sa sigina ya karya. Na ce, "Ina kuma?" Ya ci gaba da tuƙinsa. Can sai ga ƙaton lilon nan ya bayyana a saman gine-gine, an shafe shi da ja da rawaya, yana juyawa a hankali.

Ya ajiye mota. Muka yi la'asar a ɗan masallacin bakin ƙofa. Da muka idar, ya koma wurin motar, na ce a raina shi ke nan, ga tabarma nan tafe. Sai na ga ya ɗaga gilasai, ya kulle ƙofofi, ya zagaya yana jan kowace yana gwadawa, ya sake zagayawa. Sannan ya zo ya tsaya kusa da matarsa ya ce, "Mu je."

Mai gadin ƙofar, wani dattijo da ya san shi shekaru, ya miƙe tsaye ya ce, "Audi, lafiya? Wani abu ya faru a ciki?"

Ya ce, "Lafiya lau. Yau iyalina na kawo."

Ciki kuwa hayaniya ce kamar ranar kasuwa, ga ƙarar injuna, ga ihun yara. Audi yana tafiya yana waiwayen ƙofa, kamar wanda ya bar tukunya a wuta. Ita kuwa Barakatu tsayawa ta yi a gaban babban lilon. Rana ta yi sanyi, ba abin da ke kashe mata ido, abin kuma ga shi kusa, ga launi mai ƙarfi. Ta ɗaga kai tana binsa kaɗan-kaɗan, daga ƙasa har sama. Ta ce, "Kai! Wannan kam na gan shi. Ja ne da rawaya, ko? Shi zan hau."

Audi ya ce, "Wannan na samari ne. Na sha ganin waɗanda suka hau shi in sun fito, jiri suke yi."

Ta ce, "In yi jirin."

Mai kula da lilon ya ce mutum biyu ne a kowane kwando, suna fuskantar juna, kuma ba a haɗa namiji da mace sai mata da miji ko muharramai. Na yi wuf na ce ni da 'yar yayata za mu hau ɗaya. Fadila ta gane, ta riƙe hannuna gam. Audi ya dubi kwandon, ya dubi sama, ya dube ni da wani irin kallo da ke cewa za mu haɗu. Ya kama hannun matarsa ya shigar da ita, shi ma ya shiga aka rufe.

Kwandonmu yana bin nasu. Tun ba a yi rabin tashi ba na fara jin muryarsa daga sama. "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! La haula wa la ƙuwwata! Kai, yaro, a hankali!" Mutumin da yake wuce tirela a kwanar Kazaure ko gira ba ya ɗagawa, yau ga shi yana karanto duk addu'ar da ya sani, har da ta shiga kasuwa. Sai kuma na ji wata dariya. Na daɗe ban ji yayata ta yi irinta ba, tun muna yara a gidanmu. Dariya take yi har tana shiɗewa. Fadila ta dube ni, hawaye yana zubo mata, ita ma tana dariya. Ni kam na ga Kano daga sama ranar, rufin kwano har iyakar gani, amma hankalina yana kan kwandon da ke gabanmu.

Da aka sauke su, Audi bai tsaya kallon komai ba, ya nufi ƙofa kai tsaye, muka same shi zaune a kan dutse kusa da motarsa yana shan ruwa. Na ce, "Maigadi, yaya fitowar?" Ya ce in na sake magana a Kano zan kwana. Sai da ya daɗe a zaune kafin ya iya kama sitiyari.

Idon Barakatu ya rufe gaba ɗaya kafin azumin shekarar da ta biyo baya. Audi ya daina doguwar tafiya, ya ba wani motar yana ja, shi kuma ya koma zaman tasha don ya riƙa leƙa gida da rana. Har yau ana zuwa neman shawararsa a kan wuraren nan biyu, kuma har yau tambayarsa ta farko ita ce don wa za a yi tafiyar. Sai dai yanzu yana ƙara tambayar ko mutumin yana da wata lalura, kuma ba ya saurin yanke magana kamar da.

Na daɗe ina son in tambaye ta, ina jin nauyi. Wata rana da hantsi na kai mata ɗinki, na same ta ita kaɗai a tsakar gida tana tsince shinkafa da yatsu. Muka gaisa, na zauna. Na ce, "Yaya, ranar nan da muka hau lilo, kin kuwa ga Kano daga sama?"

Ta ce, "Wace Kano? Ni ban ga Kano ba."

"To me kika gani da ya sa ki dariya haka?"

Ta ajiye faifan a cinyarta. Ta ce, "Malam na gani. Ka san an zaunar da mu fuska da fuska, gwiwa tana taɓa gwiwa. Ɗan abin da ya rage mini a ido daidai fuskarsa ya ɗauka, ba ƙari ba ragi. Munzali, tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa zama na kalli mutumin nan sosai ba. In ya shigo kaina a ƙasa, kunya. In ya fita da asuba duhu ne. In mun shiga mota ƙeyarsa nake gani. Ranar kuwa ya rufe ido gam don tsoro, ya damƙe ƙarfe, bai san ina kallonsa ba. Na kalle shi son raina, har aka sauke mu. Ashe gemunsa ya yi fari har haka. Ashe akwai ɗan tabo a ƙasan girarsa ta hagu, ban san ina ya same shi ba."

Ta ɗauki faifan ta ci gaba da tsinta. Ta ce, "Fuskar Fadila ta fara ɓace mini, taka ma haka, kada ka ji haushi. Tasa kuwa tana nan yadda na gan ta, baki buɗe yana salati. In ya yi sallama da rana, ita nake gani, sai in yi ta ƙoƙarin danne dariya."

Na ce mata na bar shago a buɗe, na tashi na fita da sauri, don ban so ta ji yadda muryata ta koma.